Kuɗin Makaranta: Jari Ne Ko Amana?

Ɗan'uwana mai karatu, akwai wani hukunci da ake yankewa a gidajenmu sau uku a shekara, ba alƙali, ba shaidu, ba kuma ɗaukaka ƙara. Duk sa'ad da sabon zangon karatu ya ƙarato, uba da uwa sukan zauna, ko kuwa uban ya zauna shi kaɗai, a ƙirga abin da yake hannu, a ƙirga 'ya'ya, a tarar lissafi bai fita ba. Daga nan sai a yanke magana: wane zai koma makaranta ran Litinin, wance ta dakata tukuna. Zangon Satumba ya fi kowanne nauyi a wuyan manomi, gama dawa ba ta nuna ba, bashin taki yana jira, rumbu kuwa ya kusa kai ƙasa. Yaron da aka ce ya dakata ba ya wurin da aka yi shawarar, amma hukuncin zai bi shi har tsufansa.

Ina so mu tambayi kanmu a gaban Allah: mene ne yake yanke wannan hukunci a gidanmu? Me ya kamata ya yanke shi a gidan mai bin Almasihu?

Abu na fari da yake da hannu a ciki shi ne rashi, kada kuwa kowa ya raina shi. A ƙasashe matalauta iyaye ne suke ɗaukar babban rabo na nauyin ilimi. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a irin waɗannan ƙasashe kusan kashi 40 cikin 100 na dukan kuɗin da ake kashewa kan ilimi daga aljihun iyaye yake fitowa, alhali a ƙasashe masu arziki rabon iyaye bai kai kashi 20 ba. Wato wanda ba shi da shi, shi ne ya fi biya. A Nijeriya an ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a shekarar 1976, aka sake ƙaddamar da shirin UBE a 1999, dokar 2004 kuma ta ce shekara 9 na farko na karatu kyauta ne, dole ne kuma. Duk da haka kowane uba ya san abin da kyautar take ci: kayan makaranta, takalmi, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin tara, kuɗin mota wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a 2023, a gaba kuma ga kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Akwai ma wani kuɗin da ba a rubuta shi a rasit: hannun yaron da aka rasa a gona, da cinikin tallar da yarinya ba ta kawo ba. Akwai kuma tsoro. Tun da aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok a Afrilu 2014, iyaye da yawa suna auna ran ɗiyarsu kafin su auna kuɗin makarantar kwana, ba kuwa mai iya ganin laifinsu.

Masu cewa talaka ba ya son karatun 'ya'yansa ba su dubi tarihi ba. Da Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, yara fiye da miliyan ɗaya suka ƙaru a makarantu. Haka ya faru a Uganda a 1997, haka kuma a Kenya a 2003. A Kenya ɗin ma har wani dattijo mai suna Kimani Maruge, yana da shekara 84, ya sa kayan makaranta ya shiga aji ɗaya. Ƙofa ce take rufe. Da aka buɗe ta, mutane suka yi tururuwa. Saboda haka idan kai mai karatu kana cikin waɗanda suke kwana ba barci don kuɗin makaranta, ban zo in ɗora maka laifi a kan nauyin da kake ɗauke da shi ba. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa Allah yana karɓar bayarwar mutum gwargwadon abin da yake da shi, ba ya neman abin da ba shi da shi a wurinsa (2 Korantiyawa 8:12).

Amma rashi yana faɗa mana yawan abin da za mu iya kashewa ne kawai. Ba ya faɗa mana a kan wa za mu kashe shi. Gida biyu masu samu iri ɗaya, da 'ya'ya biyar-biyar, sai ka ga ɗaya ya raba ɗan abin da yake da shi har kowane yaro ya iya karatu, ɗayan kuwa ya tattara kome a kan yaro guda ya bar huɗu a gida. Talauci bai yi wannan zaɓi ba. Zuciya ce ta yi shi.

Masana tattalin arziki suna da bayani a kan wannan. Wani Ba'amurke mai suna Gary Becker, wanda ya sami lambar Nobel a 1992, ya yi suna wajen koyar da cewa ilimi wani irin jari ne da ake zubawa a cikin mutum, ana sa ran riba daga baya. Akwai gaskiya a maganar, gama mai ilimi yakan fi samun abin yi. A ƙasashen da mafi yawan mutane ba su da fansho, 'ya'ya su ne rumbun tsufa, saboda haka iyaye sukan yi lissafin ɗan kasuwa ko da ba su taɓa jin sunan Becker ba. To, ka dubi inda lissafin jari yake kai mutum idan aka bar shi shi kaɗai. Ɗan kasuwa yana zuba kuɗinsa inda riba ta fi, ya janye daga inda ba ta da tabbas. Idan 'ya'ya jari ne, sai a zaɓi mai kaifin ƙwaƙwalwa a bar mai jinkirin fahimta, a zaɓi namiji a bar mace domin an ce ita ta gidan wani ce, a zaɓi lafiyayye a bar gurgu da kurma, a zaɓi ɗan ciki a bar ɗan riƙo. Lissafin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Laifinsa shi ne ya mai da ɗan mutum haja.

Littafin Farawa ya nuna mana gidan da aka yi irin wannan ƙauna. An faɗa mana dalilin da ya sa Ishaku ya fi son Isuwa: naman farautar da yake kawo masa ne (Farawa 25:28). Ƙauna ce mai bin ciki. Rifkatu kuwa ta ɗauki Yakubu, gida ya rabu biyu, ƙarshenta ɗan'uwa ya nemi ran ɗan'uwa, Yakubu ya yi shekara 20 a baƙunci. Shi ma Yakubu bai tsira daga cutar ba, ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman a gaban 'yan'uwansa, rigar ta komo masa jiƙe da jini. A zamaninmu rigar Yusufu ita ce kayan makarantar kuɗi da aka saya wa yaro ɗaya, sauran suna kallo daga bakin zaure. Yara suna gani, ba su kuwa mantawa. Rigingimun gado da yawa da dattawan ikkilisiya suke zaman sulhuntawa, tushensu wani zangon karatu ne da ya wuce shekara 30.

Maganar Allah ta kira 'ya'ya gādo daga wurin Ubangiji (Zabura 127:3). Abin da aka ba ka daga hannun wani, shi kuma zai tambaye ka a kansa, sunansa amana. Bulus ma ya faɗa wa Korantiyawa cewa tanadi daga iyaye yake gangarowa zuwa 'ya'ya, ba 'ya'ya ne za su tara wa iyaye ba (2 Korantiyawa 12:14). Mai jari yana tambaya, wanne ne a cikinsu zai fi amfana ta? Mai riƙon amana yana tambaya, me kowannensu yake bukata don ya tsaya da ƙafafunsa a gaban Allah da mutane?

Wani zai ce, ashe, ba wajibi ba ne 'ya'ya su kula da iyayensu? Wajibi ne ƙwarai. Doka ta biyar tana nan, Bulus kuma ya umarci 'ya'ya da jikoki su sāka wa iyayensu alherin da suka yi musu (1 Timoti 5:4). Uban da yake fatan ɗansa zai riƙe shi a tsufa bai yi zunubi ba. Sai dai hakkin nan biyu kowanne da ƙafarsa yake tsaye. Allah ne ya ɗora wa uba reno, Allah ne kuma ya ɗora wa ɗa girmamawa. Ɗayan ba kuɗin sayen ɗayan ba ne. Ranar da uba ya mai da kuɗin makaranta bashi mai ruwa, ya sauka daga matsayin uba ya zama mai ba da rance, ɗan kuma yakan ji haka a jikinsa. Sau nawa kuma lissafin yakan ci amanar mai yinsa! Ka duba cikin ikkilisiyarku, ka ga wanda yake jinyar tsofaffi. Sau da yawa wanda aka kashe wa gona da shanu yana can birni, aike ma sai an yi ta kira. 'Yar da aka ce ta gidan wani ce, ita ce take wanke tsohuwa tana ba ta kunu a baki. Sa'ad da Sama'ila ya je gidan Yesse, ɗan da uban bai ga ya isa a kira shi ba, wanda aka bari wajen tumaki, shi ne Allah ya zaɓa.

Maganar 'ya mace tana bukatar mu daɗa tsayawa a kanta, domin a ƙasashe da yawa ita ce ta fari da akan ce ta dakata. Har gwamnatoci sun gane haka suka nemi dabara. Bangaladash ta fara ba 'yan matan karkara tallafin karatun sakandare a 1994, da sharaɗin su riƙa zuwa makaranta, kada kuma a aurar da su kafin su gama. Yau 'yan mata sun fi samari yawa a sakandaren ƙasar. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, tana ba iyalai matalauta kuɗi muddin yaransu suna makaranta, tana danƙa kuɗin a hannun uwa, kuma na 'yar sakandare ya fi na ɗan'uwanta kauri. Dabarun sun yi aiki, mun gode wa Allah. Amma abin kunya ne idan sai an biya Kirista kafin ya yi wa 'yarsa adalci. Tun a jeji, 'ya'yan Zelofehad mata su biyar suka tsaya gaban Musa suna neman gādon mahaifinsu, Ubangiji da kansa ya ce suna da gaskiya (Littafin Ƙidaya 27). Ayuba ma ya raba wa 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza. A zamanin da gona take ƙanƙancewa da kowane rabon gādo, karatu ne gādon da mafi yawanmu za mu iya bari. Wanda ya hana 'yarsa karatu ya cire sunanta daga rabon gādo tun yana da rai.

Haka nan agola, da maraya ɗan ɗan'uwanka, da yarinyar da aka kawo daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta. Shari'ar Musa ta hana mai mata biyu ya danne hakkin ɗan matar da ba ya so don ya fifita ɗan mowa (Maimaitawar Shari'a 21:15-17). Ke 'yar'uwata, idan yarinyar da take goyon jaririnki ita ce take raka 'ya'yanki bakin makaranta ta komo ta hau wanke-wanke, shekara tana bin shekara, ki sani Allah ya ji alkawarin da kika yi wa uwarta.

Akwai kuma abin da yake cinye kuɗin makaranta wanda ba talauci ba ne, ba son kai tsakanin 'ya'ya ba ne: neman suna. Gidan da ya kasa biyan kuɗin jarrabawa a watan Janairu, shi ne ya yanka sa a bikin Disamba, ya ɗinka anko kala uku. Jana'iza ɗaya takan haɗiye karatun shekara biyu, marigayin kuwa bai ci ko loma ba. Neman sunan nan yakan shiga cikin makarantar ma. Wani yakan kai yaro makaranta mai tsada don a ce ɗan wane yana can, ya kasa biya a zango na biyu, a kori yaron, a yi ta yawo da shi daga wannan makaranta zuwa waccan har ya tashi ba tushe. Wani kuma yakan biya a rubuta wa ɗansa amsa a ɗakin jarrabawa. Wannan ya sayi takarda, ya kuma koya wa ɗansa sata da kuɗin guminsa. Ko bayarwa a ikkilisiya tana iya zama mafakar wannan cuta. Ubangiji Yesu ya tsauta wa waɗanda suke keɓe dukiya da sunan Allah don su kuɓuce wa hakkin iyayensu (Markus 7:9-13). Mutumin da ya miƙe a taron neman gudummawa ya yi alkawarin da zai sa a tafa masa, alhali 'yarsa tana gida an koro ta, ya faɗa cikin wannan tsautawa. Ka ba Allah abin da yake nasa da aminci. Amma kada ka sayi tafi da hakkin ɗanka.

To, idan an kawar da son zuciya da fahariya, kuɗin kuwa har yanzu bai kai ba, yaya za a yi? Nan ne tambayar take da wuya, ba kuwa amsar da za ta sa kowa ya fita ba rauni. Adalci ba ya nufin a kashe wa kowane yaro naira daidai da ta ɗan'uwansa, gama baiwa ta bambanta. Wani jami'a ce hanyarsa, wani walda ko ɗinki ko aikin kafinta, koyon sana'a kuma ilimi ne da yake da nasa kuɗin da nasa darajar. Amma akwai ƙasan da bai kamata wani ɗa ya faɗa ƙarƙashinsa ba: ya iya karatu da rubutu da lissafi, ya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa, ya karanta takardar asibiti da ta fili ba tare da an cuce shi ba. Kada a kai ɗaya digiri na biyu alhali ƙanwarsa ba ta iya rubuta sunanta ba. A gina wa kowa harsashi kafin a ɗora wa wani bene.

Sa'an nan kada uba ya yanke hukuncin shi kaɗai. Binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna cewa kuɗin da ya shiga hannun uwa ya fi isa ga cikin yara da karatunsu, shi ya sa Meziko ta bi ta hannunta. Uwa ce ta san wanda yake kuka a ɓoye. Idan kuma dole wani ya dakata, a kira shi a faɗa masa dalili, a sa masa ranar komawa, a cika alkawarin ko da akuya za a sayar. Wanda aka ci gaba da shi kuma a sanar da shi sarai cewa a kan kafaɗar ɗan'uwansa ya hau, bashin da yake kansa kuwa na ƙannensa ne tun kafin ya zama na iyayensa. Ma'aurata matasa kuma su tuna da misalin mai ginin hasumiya wanda ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28). Kowane ɗa albarka ne, yin shawara a kan tazarar haihuwa da tanadin kaka domin Satumba kuwa ba rashin bangaskiya ba ne. Buhun da aka keɓe tun a masussuka da sunan makaranta, ko adashin da aka shirya ɗaukarsa ya faɗo a farkon zango, ya fi addu'ar gaggawa a daren Lahadi.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tuna da gwauruwar nan, matar ɗaya daga cikin annabawa, wadda mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi (2 Sarakuna 4:1-7). Elisha ya fara da tambayarta abin da take da shi a gida, ya aike ta kuma ta aro tandaye wurin maƙwabta. Mai daga wurin Allah ya zo, amma a cikin tandayen maƙwabta ya zuba, ya kuma tsaya sa'ad da suka ƙare. Ikkilisiya a ƙasarmu da makaranta ta tashi. Daga Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na fari daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Gindiri ta horar da malamai da masu bishara waɗanda iyayensu ba su taɓa riƙe alli ba. Yau kuwa akwai makarantun da mambobi suka gina da baikonsu, suka ɗebi yashi da ruwa a ka, amma 'ya'yansu ba su iya shiga saboda tsada. Wannan abin tambaya ne ga kowace majalisar dattawa. Ikkilisiyar da take da kuɗin tayil da sababbin kayan kiɗa, amma ba ta san yawan marayunta da suke zaune a gida ba, ta ɓoye tandayenta. Zumuntar mata, da ta maza, da ƙungiyar matasa, kowacce tana iya ɗaukar yaro ɗaya. Mu kuma 'yan ƙasa ne: dokar 2004 ta ba 'ya'yanmu hakki, zuwa taron iyaye da malamai da tambayar hukuma inda malamai da kujeru suke aikin mai bi ne.

Ubangijinmu ya koya mana cewa zuciyar mutum tana bin dukiyarsa duk inda ta tafi. Saboda haka kafin zango mai zuwa, ɗauki takarda, kai da matarka, ku rubuta sunan kowane yaron da yake kwana a ƙarƙashin rufinku, har da wanda ba ku haifa ba. A gaban kowane suna ku rubuta abin da aka kashe kan karatunsa bara. A ƙasa ku rubuta abin da biki da sutura da waya suka ci. Ku karanta takardar a gaban Allah. Inda ta nuna rashi, ku kai masa kukanku ba kunya, ku kuma faɗa wa 'yan'uwa. Inda ta nuna son zuciya, ku gyara tun yaron yana gabanku.

Ya Uba na Sama, kai da ba ka tara, 'ya'yan nan naka ne, a hannunmu ka ajiye su. Ka ba mu abin da za mu rene su da shi. Inda ya kasa, ka ba mu gaskiya wajen rabo, ka buɗe idon ikkilisiyarka ga yaron da aka ce ya dakata. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.